PAMPON HASKEN RANA A GARKA DA MASHAYA: LISSAFIN RUWA DA JAN WAYA



Tun da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai garka da ke ban ruwa da injin isansi ya ji a jikinsa. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suka juya wajen allunan hasken rana, waɗanda muke kira panno. Abin ba baƙo ba ne a ƙasarmu: marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin ONERSOL mai binciken ƙarfin rana tun daga 1969. Rana kam muna da ita. Abin da ke kashe aikin shi ne a sayi kaya kafin a yi lissafi, sannan a haɗa waya da ka.

Ruwa nawa kuke bukata?

Kada ku fara da tambayar panno nawa za ku saya. Ku fara da bakin da zai sha. Lokacin bazara saniya babba tana shan litir 40 a wuni, tunkiya ko akuya wajen litir 5. Ƙasar garka kuwa, kowane metir guda na tsawo da faɗi yana son litir 7 in zafi ya tsananta.

Ga misali. Ƙungiya tana da shanu 100 da ƙananan bisashe 200, da garka mai metir 50 kowane gefe, wato kwatan hekta, inda take son shuka wake don harawa, da zogala, da ɗan kayan miya. Shanu litir 4,000, ƙananan bisashe 1,000, garka 17,500. Jimla litir 22,500. Mu ce metir kib 23. Metir kib guda litir 1,000 ne, tano biyar ke nan. Ku duba da kyau: garkar nan ƴar ƙarama ta sha fiye da ninki uku na abin da garken duka ya sha. Wanda ke mafarkin hekta guda sai ya ninka ruwan garkar sau huɗu.

Sai zurfi. A auna daga fuskar ruwa, lokacin da ake cikin ja ya sauka, har zuwa bakin shato a sama. A ƙasar Dakoro ruwa na da nisa a wurare da yawa, masu jan wasaki da shanu sun fi kowa sani. Mu ɗauka metir 50. To, ku ninka metir kib da zurfi, ku ƙara kashi ɗaya cikin uku a kai: 23 sau 50 ya ba 1,150, da ƙarin ya kai wajen wat 1,500. Panno huɗu masu wat 400 sun ɗauki aikin. Da a fadama ne, inda tsawon jan bai wuce metir 15 ba, wat 500 ya isa. Zurfi shi ke cin kuɗi.

Akwai abin da panno ba ya iyawa: ba ya ƙara wa rijiya ruwa. Pampon rana yana aikin kirki awa shida zuwa bakwai, saboda haka rijiyar misalinmu sai ta ba da kusan metir kib 4 kowace awa. Rijiyar siminti da yawa ba ta kai nan. A gwada ta a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwa ya fi janyewa, tare da ma'aikatan ruwa na Dakoro. In rijiyar da kowa ke shayarwa ce, a zauna da masu ita da hakimai da kwamitin kula da filaye kafin a zura pampo, kuma kada shingen garka ya ci burtali ko ya toshe hanyar mashaya. Garkar da ta ƙafar da rijiyar bisashe rigima ce kawai aka shuka.

Shato ya fi batir

Da yawa suna tambaya ko za a sa batir don a yi ban ruwa da dare. Shawararmu, a'a. A zafin nan namu batir mai ruwan asid shekara biyu zuwa uku yake yi ya mutu, kuma yana da tsada. Ku ajiye ruwa maimakon wuta: shato ko basan mai ɗaukar ruwan kwana ɗaya da rabi ko biyu, don ranar hazo da ranar hadari. Daga can ruwa ya gangaro da kansa zuwa kwami da fangali, kwamin bisashe a gaba.

Ga kuma abin da ya shafe mu, mu masu duba bisashe. Mataccen batir da aka yar bayan shinge dalma ce a ciki, kuma maruƙa suna son lasarta. Ɗan maraƙin da ya lasa sai ya makance, yana cizon haƙora, yana tafiya kamar mai maye, galibi ya mutu kafin a kawo shi wurinmu. Ko batir ɗin fitila ko na babur ne, a kulle shi har mai saye ya zo.

Haɗa panno

Kowane panno yana da waya biyu, mai alamar ƙari (+) da mai alamar ragi (−). In an jera su, ƙarin wannan cikin ragin wancan, ƙarfin turi, wato bolt, shi ke taruwa. Panno huɗu irin na misalinmu suna ba da wajen bolt 160 suna cikin aiki, kusan 200 in ba a ɗora musu kaya ba. Wannan wuta tana kashe mutum, kuma muddin da rana ba ta da makashi daga panno. Mai haɗawa ya rufe su da bargo ko tabarma tukuna.

Tsakanin panno da pampo akwai akwatin sarrafa wuta. A jikinsa an rubuta iyakar bolt ɗin da yake ɗauka. Kada jerenku ya kusanci iyakar. Ku bar rata ta kashi 15 cikin 100, don da sanyin safiyar Disamba da Janairu bolt na hawa sama da abin da aka rubuta. Makatsin wuta da za a sa gaban akwatin ya zama na wutar panno. Irin na gida, na kuran ɗin NIGELEC, yana iya kamawa da wuta in aka katse shi rana tsaka.

Panno su dubi kudu, a ɗan jingine su digiri 15, bisa ƙafafun ƙarfe da akuya ba za ta hau ba. Inuwar reshen gawo ko bedi bisa panno guda tana rage ƙarfin jeren duka.

Waya: nan ne ake asara

Mafi yawan pampon da muka tarar a tsaye, pannonsu lafiya lau suke. Waya ce. Waya kamar tiyo take: in ta yi siriri kuma ta yi tsawo, ƙarfi yana ƙarewa a hanya, ta yi ta zafi. Ku ɗauki tsawon metir 60 da wuta mai amper 10. Waya mai kauri 2.5 tana cinye bolt 8 da ɗoriya, mai 4 tana cin 5 da rabi, mai 6 ba ta kai 4 ba. Cikin bolt 160, mai 4 ta wadatar. Amma in ƙaramin pampo ne mai bolt 48, waya mai 2.5 ta cinye kashi ɗaya cikin shida na wutar da kuka saya da kuɗin ragunanku. Saboda haka panno da akwati su zauna kusa da rijiya iyakar iyawa. Tiyo ya yi doguwar tafiya, waya ta yi gajera.

A kasuwa akwai waya mai kama da jan ƙarfe wadda alminiyo ce aka shafa wa ja. Ku kankare ta da wuƙa gaban mai kanti: in cikin ya fito fari, ku bar masa abinsa. Wadda za ta shiga rijiya kuma dole ta zama ta cikin ruwa, kuma mahaɗinta da wayar pampo a rufe shi da ƙaron da ake sayarwa don haka. Sikoci da ledar burodi ba sa wata uku. Pampo ya rataya da igiyarsa ta kansa, kada nauyinsa ya hau waya, a kuma sa masa ɗan ma'aunin da ke tsayar da shi in ruwa ya ƙafe, don pampon da ya juya a bushe ƙonewa yake.

Wayar da ke bisa ƙasa a zura ta cikin tiyon roba, a binne rabin metir ko fiye. Kofato na sare ta, kusu na ci, rana na fasa robarta.

Kada a manta da sandar ƙasa. Sandar jan ƙarfe ce mai metir biyu, a kafa ta inda ke da laima, a ɗaure mata ƙafafun panno da akwati da wayar kore-da-rawaya, a ƙara abin kare tsawa kafin damina. Saniya ta fi mutum jin kuran nesa ba kusa ba, ga ƙafa huɗu cikin laka, ga baki cikin ruwa. In kun ga garke da ƙishirwa ya zo bakin kwami yana ja da baya, ko suna lasar ruwa da tsoro suna zabura, ku katse wuta nan take ku kira mai gyara. Kada yaro ya sa hannu ya gwada.

Kulawa

Lokacin hunturu ƙura na rufe panno cikin kwana biyu. A wanke da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashi ya yi zafi. A sa abin da ke tsayar da pampo in shato ya cika, a kuma zuba siminti da tsakuwa kewayen kwami da ƴar hanyar da za ta kai ragowar ruwa cikin garka. Taɓon da ke kwana a mashaya shi ke kawo ruɓewar kofato da tsutsar ciki. Masu feshin maganin ƙwari kuma su wanke kayansu can nesa da kwami.

Rana ba ta karɓar kuɗi, amma pampo da akwati suna tsufa tun kafin panno, wanda ke iya wuce shekara 20. Ƙungiya ta yanka abin da kowane garke da kowane fangali zai riƙa zubawa a asusu duk wata, a rubuta a littafi. Takardar da ke ɗauke da lambar pampo, zurfin da aka sa shi da kaurin wayarsa, a ajiye ta wurin ma'aji, don ranar da mai gyara zai zo daga Dakoro ko Maraɗi ya san abin da zai riƙo.