Motar Da Soja Ya Yar, Farar Hula Ya Raya

A ƙasar Amurka akwai wasu mutane da in sun sami hutun ƙarshen mako ba sa zuwa kallon ƙwallo, ba sa zuwa kamun kifi. Sai su sa tsofaffin tufafi su kwanta ƙarƙashin wata ƙatuwar motar soja da ta girme su, su wuni da sifana a hannu. Cikinsu akwai manoma da malaman makaranta da tsofaffin sojoji. Ba haya suke yi da motar ba, hasali ma kuɗi take ci musu. Sha'awa ce kawai. Mai karatu na iya cewa wannan aikin wanda ya ƙoshi ne, kuma da gaskiyarsa. Amma yadda suke raya ƙarfen da ya shekara 50 ya cancanci kulawar al'ummar da asibitocinta da makarantunta ke cike da gawarwakin janareto.

Ma'aikatar tsaron Amurka takan sayar da kayan da ta gama amfani da su ta hanyar gwanjo. Tun 2014 kamfanin GovPlanet ne ke gudanar da gwanjon motocin. Wasu kayan ba a sakin su sai mai saye ya cika takardar da ke bayyana abin da zai yi da su da inda zai ajiye su. Motar da ta fi farin jini wajen masu wannan sha'awa ita ce M35, mai ɗaukar tan biyu da rabi, wadda kamfanin REO ya tsara, ta shiga aikin soja a farkon shekarun 1950, ta yi yaƙin Biyetnam. Tayoyinta goma, ita kanta ta kai tan shida, kuma gudunta bai wuce kilomita 90 a awa ba. Nau'inta na M35A2 yana da inji mai silinda shida wanda ba ya zaɓen abinci: yana shan dizal, yana shan kananzir, yana shan man jirgin sama, in ta ƙure har fetur yana sha idan an haɗa shi da ɗan baƙin mai. An yi shi haka ne don a fagen fama soja ba shi da tabbacin man da zai samu.

Wanda ya ji wannan sai ya ɗauka motar ba ta mutuwa. Tana mutuwa, kuma ba aiki ke kashe ta ba, zama ne. Da yawa daga cikin motocin da ake gwanjonsu ba su yi wata doguwar tafiya ba. Sun shekara da shekaru ne a jere a filin bariki, rana ta dake su, ruwa ya dake su. Roba ta bushe ta tsage, tiyo ya ruɓe, ruwa ya taru a gindin tanki, dizal ya yi dauɗar da ke toshe matatar mai. Shi ya sa gogaggu ba sa ɗokin tayar da motar ranar da ta iso. Sai sun juye tsohon mai, sun canza matatu, sun duba batir. Wutar motar bolt 24 ce, wato batir biyu ne a haɗe, kuma idan ɗaya ya raunana sai ya ja ɗan'uwansa su mutu tare. Galibin abin da sabon shiga ke zaton babbar matsalar wuta ce, ƙarshenta sai a tarar tsatsa ce ta ci bakin wayar da ke haɗe da jikin mota.

Birki ne wurin da wasa ke ƙarewa. Birkin yawancin waɗannan motoci layi ɗaya ne: iska ke taimaka wa mai, man ya danna dukkan ƙafafun. Idan tiyo ɗaya ya fashe, babu sauran birki a ko'ina, ga tan shida na gangarowa. Don haka mai hankali yakan ɗaga murfin da ke daɓen motar a gefen direba ya duba man birki kafin kowace fita, ya jira ƙarar gargaɗin ƙarancin iska ta yi shiru kafin ya sa giya, da yamma kuma ya buɗe tankunan iska ruwan da ya taru ya zube. Man birkin ma na musamman ne, na silikon, ba a gauraya shi da na ƙananan motoci. Akwai kuma wata ƙa'ida da ke burge ni: kafin a tayar da injin da ya kwana, sai a ja sandar kashe mai, a ɗan juya injin a hakan. Idan mai ko ruwa ya tsiyaya ya cika silinda, injin zai cije, a gane. Wanda ya tayar kai tsaye yana iya lanƙwasa ƙarfen fistin, gyaran minti ɗaya ya koma na wata guda.

Ta ina malamin makaranta ya san duk wannan? A nan ne zancen yake. Kowace mota da kowane janareto na sojan Amurka yana da littattafansa, kuma yawancinsu a buɗe suke ga kowa. Akwai na direba, akwai na bakaniken runduna, akwai na babban gareji, akwai wanda ba komai cikinsa sai zanen kowane noti da lambarsa. An rubuta su ne don yaro ɗan shekara 19 da bai taɓa riƙe sifana ba: idan inji ya ƙi tashi, duba kaza, in lafiya yake, wuce mataki na gaba. Babu canki-canki. An kuma kasa dubawa kashi-kashi, abin da za a duba kafin aiki, da lokacin aiki, da bayansa, da na mako, da na wata. Tun 1951 rundunar ta fara fitar da wata mujalla mai suna PS, wadda shahararren mai zanen barkwanci Will Eisner ya shekara 20 yana zana ta, don kawai a ja hankalin kurtu ya duba mai da ruwa. Ƙarfin ƙarfe ya taimaka, amma a ganina takarda ce ta raya waɗannan motoci.

Ta fuskar janareto ma haka abin yake. Waɗanda aka fi nema su ne MEP-802A mai kilowat 5 da MEP-803A mai kilowat 10, masu injin dizal da ke juyi 1,800 a minti, rabin na ƙananan janareton fetur da ake sayarwa a kantunan can, abin da ya sa suka fi su daɗewa. Mutanen karkara da guguwa ko ƙanƙara ke yanke wa wuta na kwanaki su suka fi saye. Ciwon da ya fi damun irin wannan inji shi ne rashin kaya. Injin dizal da aka bari yana ta aiki ba nauyi a kansa ba ya yin zafin da zai ƙone mai duka. Ragowar sai ta haɗu da toka ta zama baƙin kwalli mai danƙo a salansa, ƙarfin inji ya ragu. Maganinsa a ɗora masa kaya. Masu sha'awar sukan jona masa tsofaffin rishon lantarki da hita har ya kusa ƙurewa, su bar shi sa'o'i yana aman baƙin hayaƙi har ya washe. Duk wanda ya taɓa ganin ƙaton janareto a wata ma'aikata tamu yana ruri don ƙwan fitila goma da fanka biyu, yana zubar da baƙin mai ta salansa, ya ga wannan ciwo da idonsa. Mu kan ce injin ya tsufa, alhali zaman banza ne ya kama shi.

Suna da ƙungiyarsu, MVPA, wadda aka kafa a 1976. A 2009 mambobinta suka jera tsofaffin motocinsu daga Washinton zuwa San Faransisko, suna bin sawun ayarin sojan da ya yi wannan tafiya a 1919 cikin kwana 62, wanda Eisenhower yana cikinsa tun yana matashin hafsa.

Ba na cewa sun fi mu iya gyara. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai hannayen da ke ƙera abin da kamfaninsa ya daina yi tun tuni. Marsandi 911 har yau tana dakon hatsi da shanu, kuma ba littafi ya riƙe ta ba, kunnen bakanike ne. Sai dai ilimin da ke kunne yana bin mai shi kabari. Yaron gareji yakan shekara bakwai yana kallon maigidansa kafin ya san abin da shafi 40 za su koya masa, kuma janareton asibiti ba shi da maigida ko ɗaya: wanda ya sayo daban, mai kunnawa daban, littafin da ya zo da shi kuwa yana cikin wata durowa da ba a san inda makullinta yake ba. Mun iya tayar da matacce, ba mu damu da hana shi mutuwa ba. Kwalejojin fasaha da sassan Hausa na jami'o'inmu za su iya haɗa kai su fitar da irin wannan jagora da Hausa, ga janareton dizal da famfon ban-ruwa da tarakta, da zane da matakai, a manna takardar dubawa ta kullum a jikin kowane inji, mai kunnawa ya sa hannu. Kuɗinsa bai kai na canza inji ɗaya ba.

Ga ɗan kasuwar da wannan bayani zai sa ya yi tunanin shigo da irin waɗannan janareto, ya dubi farantin da ke jikinsu tukuna. Waɗannan biyun da na ambata wutar Amurka suke bayarwa, mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce. Akwai ma 'yan'uwansu masu bugu 400, da aka yi don jiragen sama da na'urorin hangen nesa, waɗanda a ido ba su da bambanci da sauran, ana kuma samun su da arha a gwanjo saboda ko firij ba za a iya jona musu ba.