Zanen da ba ya dushewa in an faɗaɗa shi

Masu buga kalanda da allunan talla a unguwannin Kakuri, Barnawa da Sabon Tasha sun saba da CorelDRAW, manhajar da kamfanin Corel na Kanada ya fitar a 1989. Ba ta adana zane ɗigo-ɗigo kamar hoton waya. Lissafin layi da lanƙwasa take riƙewa. Shi ya sa tambarin katin biki zai cika bango guda bai dushe ba.

Amma ba CorelDRAW ce kaɗai manhajar zane ba. A zamanin Amiga da Atari ST, kwamfutocin gida da suka fito a 1985, ana rarraba ƙananan manhajojin zane a faifai: ka gwada, in ta yi maka, ka aika wa mai ita kuɗi. Yau ga Inkscape, manhajar zane irin CorelDRAW, kyauta, kuma ya kamata iyayen gida su nuna wa yaran shago ita.