Da gaske akwai alade a cikin ɗigon shan-inna?

Kafin masu rigakafi su sauke akwatin ƙanƙara a ƙauyukan Madawa, Buza ko Keita, magana ta riga su isa: wai da alade ake haɗa ɗigon, wai kuma yana hana haihuwa. Jita-jitar hana haihuwar ce ta tsayar da rigakafi a Kano daga 2003 zuwa 2004. Ma'aikacin lafiyar da ya ce duk ƙarya ce, shi ma bai faɗi daidai ba.

Ƙwayar cutar da ake yin rigakafi da ita ba ta hayayyafa sai cikin ƙwayoyin halitta masu rai. Waɗanda aka fi amfani da su, Vero, daga ƙodar wani biri aka samo su a Japan a 1962. Ana renon su cikin kwalabe a ɗumin digiri 37, suna manne da gindin kwalba kamar ƙanzo a tukunya. In sun cika wurin, sai a zuba musu tiripsin, sinadari mai narkar da furotin. Cikin ƴan mintuna, mai duba madubin ƙara girma zai ga sun dunƙule sun saki, ana ɗan buga gefen kwalbar su zubo. An daɗe ana tatso tiripsin daga wata gaɓa ta cikin alade. Wannan gaskiya ne.

Ƙaryar ita ce cewa naman alade ake ɗiga wa yaro. Da ƙwayoyin sun saki ake tsayar da aikin tiripsin, a wanke, a tace. In aka bar shi, ƙwayoyin ma zai cinye. Majalisar Fatawa ta Turai ta duba wannan mas'ala a 2003, ta halatta ɗigon. Yanzu ma akwai madadin tiripsin, irin su TrypLE, da ba ya fitowa daga dabba.

Batun haihuwa kuwa ba shi da tushe. Tiripsin ba ya hana haihuwa: cikin kowannenmu na yin sa kullum, shi ke narkar da naman da muka ci.

An taɓa samun tangarɗa, bai kamata a ɓoye ba: a 2010 an gano wata ƙwayar cutar alade a Rotarix, rigakafin gudawar yara. Amurka ta dakatar da shi, bincike ya nuna ba ta sa mutum ciwo, aka ci gaba da ba da shi a shekarar.