Me Ya Kai Ɗanladi Bayan Zubairu?

A ce sakataren wata ƙungiyar manoma a ƙasar Dambatta ya ba ƙanensa, ɗalibin kwamfuta, sunayen masu jiran taki domin ya jera su. Yaro ya buɗe baƙin allon nan na Linux da ake rubuta umarni, ya buga sort. Sai ga Ɗanladi da Ɗanjuma can ƙasa, bayan Zubairu. A wurin rabon taki wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Laifin ba na yaron ba ne. Kowace manhaja, kafin ta fara aiki, tana karɓar wasu bayanan muhalli, kowanne da suna da abin da ya ƙunsa: PATH yana nuna inda za a nemo manhajoji, TZ agogon gari, LANG kuwa harshe. Tsarin ya zo ne da Unix bugu na 7 a 1979, tare da masarrafar umarnin da Stephen Bourne ya rubuta. Idan LANG yana kan C, lambar harafi kawai ake dubawa, kuma lambar Ɗ ta fi ta Z girma. Muddin an girka tsarin Hausa a na'urar, layi ɗaya ya isa:

export LANG=ha_NG.UTF-8

Kalmar export ce zuciyar maganar. Ba tare da ita ba, sabon bayani yana zama a masarrafar kaɗai, manhajojin da ta kira ba su san da shi ba. Da ita, kowace tana gadon kwafinsa. Ɗan karkarar Kano ba ya buƙatar dogon sharhi a nan: irin gandu ake ɗebar wa yaro ya kai gayaunarsa, amma abin da ya shuka can ba ya sauya gandun. Haka manhaja take iya sauya nata kwafin, uwar da ta kira ta kuwa tana nan yadda take.

Sai dai da an rufe allon, ko batir ya mutu, bayanin ya tafi. Mai son ya ɗore sai ya rubuta layin a fayil ɗin .bashrc, wanda masarrafar Bash take karantawa duk lokacin da aka buɗe sabon allo. Abin da ke damuna shi ne yawan ɗalibanmu da ke cire ƙugiya daga Ɗ da Ƙ domin su lallashi na'ura, alhali ƙa'idar jera haruffan Hausa tana nan a cikinta, ha_NG, ba a dai kira ta ba.