Amsoshin Wasiƙunku: Farin Tsuntsu A Gonar Shinkafa

Wasiƙarmu ta wannan mako daga wani manomin shinkafa ta fito, a ƙasar Bakura. Ya ce cikin tsuntsayen jan baki da ke sauka gonarsa ya ga guda ɗaya fari fat kamar auduga. Wasu sun ce masa aljani ne, kada ya sake taka gonar. Wasu sun ce cuta ce, za ta kama kajinsa. Wani kuma ya ce ya kamo shi ya kai kasuwar Talata Mafara, masu magani za su saya da tsada. Yana tambaya, wace magana zai kama?

To malam, kada ka kama ko ɗaya. Ka koma gonarka tun kafin tsuntsu ya cinye maka ita. Abin da ka gani zabiya ne. Yadda ake haifar zabiya cikin mutane, haka ake samu cikin tsuntsaye.

Akwai wani sinadari a jiki da masana ke kira melanin. Shi ke sa baƙi da ruwan ƙasa a fatarmu, da kuma gashin tsuntsu da idonsa. Tsuntsun da jikinsa ba ya yin wannan sinadari sam, sai ya fito fari, idonsa ja-ja, saboda jinin ciki ne kake hangowa. Gado ne, kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a ɓoye, ko da su kansu launinsu daidai yake. Shi ya sa abin ke da wuyar gani.

Amma ba kowane fari ne cikakken zabiya ba. In ka sake ganinsa, duba idon. In baƙi ne, to gashin kawai ya rasa launi, wani duka jiki, wani dabbare-dabbare a fiffike ko a ka. Wannan ya fi yawa. Wani gado ne, wani da tsufa yake zuwa kamar furfura. Akwai kuma wanda rana ce ta koɗar masa da tsohon gashi, in ya sake sabo launin ya dawo. Ita kuwa balbela kada a sa ta cikin lissafi, haka Allah ya yi ta fara.

Tsuntsun nan abin tausayi ne. Zabiya ba ya gani sosai, gashinsa kuma saurin lalacewa yake yi, don melanin ne ke ƙara masa ƙwari. Ga shi ya fita daban cikin dubbai, shaho shi zai fara hangowa. Da wuya ya yi tsawon rai. Wanda bai tsare kansa daga shaho ba, wane magani zai yi maka?

Tun da aka gama dam na Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ruwa da noman rani suka zauna tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura, tsuntsaye suka sami wurin taruwa. Inda taro ya yi yawa kuwa, dole wata rana a ga na daban.

Maganar kaji, kwantar da hankalinka, fari ba ya yaɗuwa. Abin tsoro shi ne ka ga tsuntsaye ko kaji suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kamar yadda aka gani lokacin da murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya a 2006. In ka ga haka kada ka taɓa, kada yara su ɗauka, ka sanar da malamin dabbobi. Haka nan tsuntsun da feshin magani ya kashe, ba a ci.

Kuma don Allah, wannan bayani ya shafi yaranmu zabiya. Ba laifin uwa ba ne, ba baki aka yi wa kowa ba. A sa musu malafa da riga mai dogon hannu saboda rana, a zaunar da su gaban aji don su ga allo.

Allah ya ba mu amfani mai albarka. Sai mun ji daga gare ku.