Abin Da Bakin Yaro Ya Kasa Faɗa, Hannunsa Zai Zana

Uwargida, kin taɓa ganin yaron da ya daina magana alhali babu ciwo a jikinsa? Ni na gani a wurin aiki. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, iyayenta sun tsere wa 'yan bindiga daga wani ƙauye a Zamfara, suka sauka wurin dangi a nan Nariya. Ba zazzaɓi, ba tari, sai firgita cikin dare da fitsarin kwance. Tambayar duniya na yi mata, ta yi shiru. Da na miƙa mata biro da takarda, sai ta zana babura uku da gida yana cin wuta.

Masu aikin agaji sun daɗe da sanin wannan. A watan Afrilun 2015, UNICEF ta bayyana cewa rikicin Boko Haram ya raba yara kusan 800,000 da gidajensu, ta kuma wallafa zanen da wasu daga cikinsu suka yi. A wancan lokacin, a sansanonin gudun hijira irin su Dalori kusa da Maiduguri, an ware wuraren da yara suka riƙa zane, waƙa da wasa kyauta, ƙarƙashin kulawar waɗanda aka horar.

Me ya sa yake aiki? Ƙaramin yaro ba shi da kalmomin da zai kwatanta tashin hankalin da ya gani, sai abin ya fito ta mafarki, fushi ko shiru. Zane yana ba shi hanyar fitar da shi. Wasa cikin tsara kuma, a lokaci ɗaya kowace rana, yana dawo masa da natsuwa. Iyaye matan da ke rako yaran su ma sukan samu abokan hira.

Ba sai kin jira wata ƙungiya ba. Tabarma, gawayi, laka, tatsuniya da gaɗa sun isa. Ki haɗa yaran baƙi da naki. Kada ki tilasta wa yaro, kada ki tsawata idan ya zana bindiga. Ki ce kawai, "Ba ni labarin wannan."

Amma zane ba ya maye gurbin likita. Idan firgitar ta haura wata guda, ko yaro ya daina cin abinci, a kai shi asibiti. Akwai ƙwararru a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Yarinyar nan kuwa, har yanzu takan firgita. Amma ranar da aka dawo da ita, awaki ta zana, ta kuma faɗa mini sunan kowace.