Jan Biron Edita

Labarin farko da na taɓa miƙa wa edita a kan gobarar kasuwa ne. Na kwana ina goge shi, na rubuta cewa an yi asarar dukiya ta miliyoyin naira. Ko minti biyar ba a yi ba ya aiko kirana. Takardar ta yi jawur, kamar an yanka kaza a kanta. Ya zagaye "miliyoyin naira", ya rubuta a gefe: "Wa ya ƙirga?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka mutane ke faɗa." Ya ce, "Mutane ba su da suna? Koma ka samo mini mai magana, ka kuma ji ta bakin 'yan kwana-kwana." Haka na sake hawa acaɓa da rana tsaka.

Mai karatu ba ya ganin wannan. Sunan wakili kawai yake gani, alhali labarin ya bi ta hannu uku ko huɗu. Editan labarai ne ke raba aiki a taron safe, mai tacewa ya rage tsawo ya sa kanu, sannan babban edita ya duba, don shi za a fara nema idan aka maka jarida a kotu kan ɓata suna. Ka rubuta "ɓarawo" alƙali bai yanke hukunci ba, nan take za ta koma "wanda ake zargi". Kuma bin labari ta hannu da yawa ya samo asali: da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, Abubakar Imam ne edita, amma akwai Dokta East a samansa.

Editoci dai hali-hali. Wani a gaban kowa zai yi maka wankin babban bargo, wani ya ja ka gefe. Duk na yafe musu. Wanda na fi jin tsoro shi ne mai gyara shiru. Yanzu ta WhatsApp ake turo labari, ana rige-rigen sa shi a intanet, sai edita ya gyara abinsa a kwamfuta bai ce uffan ba. Wakili ya ga labarinsa ya fito tsaf, ya ɗauka ya iya, gobe ya maimaita kuskuren.

Yanzu ni ma edita ne. Da daminar bana wata sabuwar wakiliya ta turo mini cewa ambaliya ta rushe "ɗaruruwan gidaje". Har na kai hannu zan goge, sai na fasa, na kira ta. Ta ce mai unguwa ne ya faɗa mata. Na ce, "To, Malama, jingina masa maganar, ki sa sunan unguwar, ki sake turowa kafin la'asar."